Ka Gani, Ko Ji Ka Yi?

Malam Sunusi maƙwabcina ne a Haɗeja. Katanga ɗaya ce tsakaninmu tun gashin kanmu yana baƙi.

Tarihi ya koyar a makarantar sakandare, har zuwa lokacin da aka cire darasin. Sai aka ba shi wani darasi da ba nasa ba, daga baya kuma aka miƙa masa makullan ɗakin ajiye littattafai. Bai yi ƙorafi ba, a gabana dai. Ya riƙe makullan har ya yi ritaya. Da aka waiwayi tarihi aka ce a dawo da shi, sai aka tarar waɗanda suka san shi sun yi ƙaranci. Ta haka iyaye suka fara turo masa yara gida bayan la'asar, masu shirin jarrabawar fita sakandare da ta shiga jami'a.

Ba wani abu a zauren sai tabarmi, da randa, da baƙin allo jingine da bango. A ɗaya bangon ya zana kogin Haɗeja da rassansa da fadamunsa, amma da alli. Na taɓa ce masa ya sa fenti ya huta. Ya ce ai kogin bai zauna ba tukuna. Nakan zauna daga bakin ƙofa, don zaurensa ya fi nawa iska, shi ya sa na ji abin da na ji.

Ba ya fara wa yaro da haddar shekaru da sunayen sarakuna. A saman allon akwai tambayoyin da ba ya gogewa: Wa ya faɗa? Ya gani, ko ji ya yi? A ina yake a lokacin? Wata rana ya tura yaran kasuwar kifi su tambayo abin da ya sa kifi ya ragu. Masunci ya ce musu ciyawar kacala ce ta toshe hanyoyin ruwa. Manomin shinkafa ya ce masuntan ne da komarsu mai ƙananan idanu. Wata mai suyar kifi ta ce tun da aka datse ruwan daga can sama abin bai koma daidai ba. Yaran suka dawo suna so ya faɗa musu mai gaskiya. Ya ce su fara duba abin da kowanne ke ci da shi, sannan su dawo. Wasu iyayen ba su ga amfanin wannan ba. Tambayoyin jarrabawar baya suke so a bita, kuma yana bitar su, sai dai ba kullum ba. Masu gaggawa sukan janye 'ya'yansu.

Kamila ba ta cikin masu janyewa. 'Yar Tukur ce, mai shagon maganin dabbobi a kasuwa, wanda shi ma a hannun Malam ya yi karatu. Asalinsu Fulanin shanu ne, amma sun daɗe da zama 'yan gari. Yarinya ce mai saurin hadda, kuma da farko ta ɗauka abin da ake nema ke nan. Malam ya ba ta aiki: ta binciko abin da ya taso gidansu daga ƙauyensu na cikin fadama zuwa Haɗeja.

Aikin kamar ba wuya, don duk unguwa an san labarin. Kakanta, Alhaji Buba, yakan ba da shi a kowane suna da kowane biki. Ambaliya ce ta zo ƙarshen wata damina, yana saurayi. Ruwa ya shigo gari, katangu suka narke, shi kuma ya saɓa ƙanwarsa Aishatu a wuya, ruwa har ƙirji, ya fitar da ita tudu. In ya zo nan yakan dafa wuyansa.

Sai dai tsohon yana da wani labarin da yake ƙauna, na kiwo. Tun da ya iya riƙe sanda, in ji shi, bai taɓa yin damina a gida ba sai bayan ya yi aure. Ruwa na fara cika fadama ake kora shanu tudu, wajen Birniwa, ba a dawowa sai an girbe gero ruwa ya janye. Kowa a gidan ya ji labaran nan biyu. Ba wanda ya taɓa ajiye su kusa da juna.

Wata Juma'a bayan an sauko, tsohon yana zaune da baƙi ya ɗauko labarin ambaliya. Kamila ta kawo musu fura. Ta tsaya har ya dafa wuya, sannan ta ce, “Kaka, ba ƙarshen damina aka yi ta ba? Lokacin ba kana Birniwa da shanu ba? Ka gani, ko ji ka yi?”

Tsohon ya dube ta. Ya tashi ya shiga ɗaki. Furar ma bai sha ba.

Tukur ne ya ba da wannan labarin a zauren Malam washegari. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaisa kamar yadda ya saba, amma bai zauna a tabarma ba.

Ya ce, “Malam, kai ka koyar da ni, ba zan ɗaga maka murya ba. Amma karatun da zai sa yarinya ta ƙaryata Baffa a gaban baƙi, ban san sunansa ba. Jarrabawa na kawo ta ta ci. Daga yau ta daina zuwa.”

Malam ya ce, “Tambayar tawa ce, ga ta can a allo. Abin da ban koya mata ba shi ne inda ake yin ta. Wannan kam daga gare ni ne.” Sannan ya ce, “Alhaji ne ya ce a cire ta?”

“Baffa bai ce komai ba. Abin da ya dame ni ke nan.”

“To ai shi aka yi wa.”

“Ni ne ubanta, Malam.”

Malam ya ce haka ne. Suka yi sallama.

Kwanakin da suka biyo baya, gefen tabarmar da Kamila ke zama ya kasance ba kowa. Jarrabawa tana matsowa, kuma Malam ya san a cikin yaran ita ce ta fara gane abin da yake nufi. Na lura ya koma bitar tambayoyin baya kullum. Yaran suna amsawa baki ɗaya, shi yana kallon ƙofa. Wata rana bayan sun watse na gan shi tsaye gaban allo da tsumma a hannu, yana duban layin sama. Ya ce mini, “Wataƙila masu janye yaran nan sun fi ni gaskiya.” Ya ajiye tsumman, ya ce a bari sai gobe.

Kafin goben ta zo da abin da za ta zo da shi, sai ga Keke Napep ya tsaya a ƙofa. Alhaji Buba ya sauko da sandarsa, Kamila a bayansa riƙe da buzunsa, kanta a sunkuye.

Tun daga waje ya ce, “Ina Babarbaren nan da ke zuga mini amarya?”

Dangin mahaifiyar Malam Barebari ne, kuma tsakaninsu da Fulani ba a gaisuwa sai da tsiya. Amarya kuwa, haka kakanni ke kiran jikokinsu mata.

Malam ya ce, “Shigo, ga ubangidanka a zaune. Wa bawana ya bar wa shanu ya shigo gari?”

“Shanun da kuka sace? Matsa mini.”

Kamila ta shimfiɗa masa buzu. Ya zauna yana fuskantar zanen kogin, ya daɗe yana dubawa. Sai ya miƙa sanda ya taɓa wani wuri fari, inda ba a zana komai ba.

Ya ce, “Nan ka yi ƙarya. A zamaninmu wani reshe ta nan yake bi. Garinmu yana bakinsa.”

Malam ya miƙa wa Kamila alli. Ta ja layin yadda sandar ta nuna.

Tsohon bai dubi kowa ba da ya ci gaba. “Ba na nan. Amarya ta faɗi daidai. Ina tudu da shanu, ba wanda ya kai mini labari. Da kaka na koro su gida, sun yi ƙiba, ina ta sauri a gan su. Na zo inda gari yake, sai tsamiyarmu kawai na gane. Laka ce ta bushe, da wata randa a kife. Shanun suka tsaya, don su ma sun san nan ne. Ni ma na tsaya.”

Ya ce masunta ne suka nuna masa hanyar da mutane suka bi. Ya yi ta tambaya ƙauye ƙauye har Haɗeja, inda ya sami innarsa da Aishatu a zauren wani bawan Allah. Wanda ya saɓo yarinyar a wuya wani maƙwabcinsu ne masunci, Shu'ibu.

“Innata ba ta taɓa ce mini ina kake ba. Da ma ta ce.” Ya gyara zama. “Shu'ibu na raye, da sunansa nake ba da labarin. Bayan ya rasu, ban san ranar da yarinyar ta dawo wuyana ba.”

Kamila ta durƙusa ta ce, “Kaka, ka yafe mini.”

“Ke tafi can. Jika ce ke, bakinki a kaina halal ne. Amma gobe in za ki kama mijinki, ki bari baƙi su tafi.” Ya juya wajen Malam. “Na faɗa wa Tukur. Shekara da shekaru ina ba su labari suna gyaɗa kai, ashe ba mai ji. Ita kaɗai ta saurara har ta kama ni. Wadda ta saurara ita za a hana karatu? Gobe tana nan. In ka ga dama ka koya mata ladabi, in Barebari suna da shi.”

Malam ya ce za su aro daga maƙwabta. Sannan ya dubi Kamila ya ce, “To, yanzu kin gama aikin ke nan?”

Ta ce, “A'a, Malam. Kaka ji ya yi. Shu'ibu ya rasu. Amma Gwaggo Aishatu tana Kirikasamma, kuma ita aka saɓa.”

Tsohon ya ce, “Wannan? Ko wayo ba ta yi ba a lokacin. Me ta sani?”

“Sai na ji, Kaka. In ma ji ta yi, zan tambaye ta wa ya faɗa mata.”

Malam ya tashi ya je randa ya ɗebi ruwa, ya daɗe yana sha, bayansa a wajenmu.

Ranar Asabar Tukur da kansa ya kai ta Kirikasamma a motarsa. An ce da farko a waje ya tsaya yana duba waya, daga baya aka gan shi zaune a bakin ƙofar ɗakin gwaggon tasa. Abin da tsohuwar ta faɗa, Kamila ta kawo zauren, yaran suka yini suna gardama a kai. Bai zo daidai da na Alhaji ba, bai kuma saɓa masa duka ba.

Malam Sunusi yana nan yana koyarwa bayan la'asar. Tambayoyin suna saman allo, sai dai ya ƙara ɗaya a ƙarƙashinsu, da ƙananan haruffa: Su wa ke zaune a wurin? Layin da Kamila ta ja a bango kuwa, in allin ya dushe, yakan bi ta kansa ya sabunta, ko da yake ruwa ya daɗe da daina bi ta nan.