Ganyen Gyaɗar da Muka Je Nema

Ana idar da sallar asuba muka bar Hayin Banki, ni da direban ofis da wani abokin aikina malamin gona. Wani manomi a ƙauyen bayan Rigasa ne ya aiko cewa maganin feshin da muka raba musu ya daina ci: a fesa yau, jibi ganyen gyaɗa ya ƙara yin baƙin ɗigo-ɗigo ya zube. Ganyen da aka fesa bai warke ba muke so, mu aika cibiyar binciken gona ta Zariya a gwada ko cutar ta saba da maganin ne, a sauya masa wani kafin gyaɗarsa ta ƙare. Tun satin da ya wuce na aika masa muna tafe.

Muna wuce Rigasa kwalta ta yi mana sallama. Damina ta cinye hanya, mota ta kafe a laka, muka tura har takalmina ɗaya ya zauna can. Mai ƙosai a bakin rafi ta ga motar gwamnati, nan take ƙosan kwabo ya koma kwabo biyu.

Da hantsi muka isa. An shimfiɗa tabarma, an dama fura mai kyau, sannan aka kai mu gona. Na tarar da ita tas, kore shar, sai dai ganyen ya yi ƙaranci. Na tambayi manomin ina cutar, sai ya ce:

"Ranka ya daɗe, manyan baƙi za su zo daga Kaduna, in bar su su ga gona da ƙazanta? Duk gidana na fitar muka tsince ganyen da ya lalace."

Wallahi raina ya ɓaci, ga shi mutumin murmushi yake yana jiran yabo. Muka sunkuya har azahar, ba mu samu ko na rantsuwa ba. Da za mu tafi ya jefa buhu a mota, wai tsarabar ragon da nake kiwo a gida. Ko kallon buhun ban yi ba.

Ina alwalar magariba a gida na ɗaga kai, sai ga uwargida ta juye wa rago buhun, yana ta tauna ganye mai baƙin ɗigo. Na yar da buta, muka yi kokawa da shi, na ƙwato tafi guda, rabi da yawu. Shi na aika Zariya, muna jira.

Na dai koyi abu biyu: cuta ba a yi mata aike, tsaraba kuma a ƙofar mai ita ake kwance ta.