Inna da Burauza Uku

Inna ta haura hamsin kafin ta koyi karatun boko. A ajin yaƙi da jahilci na mata ta koya, can Tsibiri, bayan ta shekara da shekaru tana sayar da man gujiya da ƙuli-ƙuli ba ta iya rubuta ko sunanta ba. Tun da ta iya kuwa ba mu sake hutawa ba. Allon shago, kwalin magani, rubutun bayan mota, duk sai ta ja birki ta karanta da ƙarfi, ko da sauri muke yi. Da muka saya mata babbar waya sai ta gano shafukan labarai na Hausa. Bayan la'asar matan unguwa su taru a tsakar gidanta suna ɓarar gujiya, ita tana bisa kujera tana karanta musu abin da duniya ke ciki. Ban taɓa ganin abin da take ji da shi kamar wannan zama ba.

Wata Lahadi na hau kabu-kabu daga Maraɗi na je gaishe ta, na iske tana cikin karatu. Na zagaya bayanta in ajiye tsaraba, idona ya faɗa kan wayar. Shafin na maganar ƙwallo, Inna kuwa tana ba da labarin farashin taki. Abin da ta ji a rediyo da safe take maimaitawa, tana bin layi da yatsa kamar gaske. Na jira har matan suka watse.

"Inna, idon ne?"

Ta daɗe tana kakkaɓe zane kafin ta ce, "Ƙananan baƙaƙen ga sun ƙiya mani, Malam. Tabarau kuma ciwon kai shika sa ni. Kada ka hwaɗa ma kowa."

Kafin magariba na faɗa wa kowa, wato Yaya da ke aikin jinya a Jiratawa da Autanmu mai gyaran waya a Sabon Gari. Mu uku kuwa mun daɗe da tsohuwar gardama a kan burauza, manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, wadda mu nan muka fi cewa nabigater. Ni ina tare da wanda ke zuwa cikin kowace waya, don duniya duk shi take bi, kuma ban ga dalilin tsallake rijiyar gida in je neman ruwa wani wuri ba. Auta na tare da wani mai tsimin forfe, wato kuɗin intanet, mai buɗe shafi ko rezo, layin sadarwa, ya yi rauni. Yaya kuwa wani take amfani da shi da ba kowa ya damu da shi ba, mu kan yi mata dariya mu ce ita da mai shi ne kaɗai suka rage. Yanzu ga dalili ya samu, kowa ya ce nasa ne zai fitar da Inna kunya.

Lahadi ta gaba muka haɗu a Tsibiri. Inna ta sa tabarma a gindin bedi, wato dogon yaro, ta zauna kamar mai sayen hatsi, ta ce kowa ya buɗe buhunsa. Kafin a fara ma ta raɗa wa burauzan suna: nawa Ɗan Gida, na Auta Marowaci, na Yaya Maraya.

Ni na fara, da ƙafafata da komai. Na buɗe shafi, na ware yatsu biyu, baƙaƙe suka yi ɓul-ɓul. Inna ta karanta kalma uku, layi ya fice daga gilashi. Ta ja hagu, ta ja dama, ta dawo ba ta san inda ta tsaya ba. Ana cikin haka wata talla ta diro ta rufe rabin shafin. Na yi maza na ce akwai dabara, ai wayar na iya karanta mata da murya, ita dai ta saurara.

Kallon da ta yi mini har yau ina jin sa. "In don a karanta mani ne, mi ya kai ni lakkwal ɗaukar karatu da hurhura? Ba ga radiyo nan ba?"

Na koma gefe ina cika ina batsewa. Marowacin Auta ya buɗe shafi kafin ƙiftawar ido, Auta har da taɓa ƙirji. Amma maɓallansa ƙanana ne, ga wasu labarai da ba a tambaye shi ba ya jera a gaba, Inna ta taɓa nan ta faɗa can, ta tsinci kanta a shafin masu sayar da takalma. Ta miƙa masa abinsa ta ce sauri ba nata ba ne, ba jirgi za ta shiga ba. Na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba.

Yaya ba ta yi dogon bayani ba. Ta buɗe Maraya, ta taɓa wata 'yar alama a sama, sai hotuna da tallace-tallace suka ɓace, rubutu zalla ya rage. Ta ƙara girman baƙaƙen, layukan suka karyo da kansu suka zauna cikin gilashin, ta mai da bayan shafin ruwan ƙasa don kada haske ya soki ido. Inna ta karɓa. Ta karanta layi ɗaya, ta karanta na biyu, ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshen labarin. Yaya na share hawaye, Auta na tafi, ni ma na manta an kayar da ni, na rangaɗa kabbara har kaji suka watse.

Daga baya na tona cikin Ɗan Gida na gano shi ma yana da irin wannan gyara, a can ciki inda sai mai haƙuri. Na kawo wa Inna da murnata. Ta ce ta san irinsu a kasuwa, masu ɓoye hatsi mai kyau sai sun ga ka nufi rumfar gaba.

Auta ne ya tayar mata da hankali. Ya ce a rumfarsa waya ɗai-ɗai ce yake ganin Maraya a ciki, yawancin sauran burauzan ma sunan ne daban, injin ciki na Ɗan Gida ne, kamar baburan garin nan. In aka ci gaba haka wata rana Maraya zai rufe, babban ya rage shi kaɗai ya yi yadda ya ga dama. Inna ta tambayi abin da ke raya shi. Auta ya ce masu amfani da shi.

Shi ke nan. Tun daga ranar duk wanda ya shiga gidan Inna da babbar waya ba ya fita sai an sa masa Maraya. Masu ɓarar gujiya, mai kawo ruwa, surukai, har limamin unguwa da ya zo duba ta da zazzaɓi. Yaya ta koya wa wata maƙwabciya yadda ake sawa, Inna na zaune tana ba da umarni. In ta haɗu da kai a biki sai ta tambaye ka ko kana buɗe shi, don ta ji an ce ajiyewa kawai ba ta wadatar.

Ni na fi kowa taurin kai, sai da ta ƙwace wayata da hannunta. Na ce, "Haba Inna, kamfanin nan yana can bayan teku. Tsohuwa guda a Tsibiri ce za ta hana shi faɗuwa?"

"Ni ban san kamfani ba," in ji ta. "Na dai san ranar da mai saye ya zama guda a kasuwar man gujiya, ranar muka san wuya. Kuma wanga shi ya maido mani da idona. In shina mutuwa, ba da hannuna ba."

Na miƙa wuya aka sa mini. Matan sun riga sun zazzauna, kwandon gujiya a tsakiya, wata na tambaya ko an ce wani abu game da damina. Inna ta gyara zama, ta ɗaga wayar daidai fuskarta, ta dube ni ina tsaye a kanta.

"Malam, ko ka zamna ka ɗau gujiya, ko ka matsa. Karatu za ni yi."

Na zauna na ɗauki gujiya.