Ranar da Gilashin Wasa Ya Ɓace

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, ana ta shimfiɗa kwalta, muna zaune a Birnin Kudu, maigidana yana aikin malamin gona. Mutum ne mai son duk abin da zai wasa ƙwaƙwalwa. Wata rana ya ga talla a jarida ya aika kuɗi Ikko a turo masa. Har mun manta, sai ga kwali ya iso gidan waya.

Wasan gano ɓarawo ne. A ciki akwai zanen wani gida, da katuna masu hoton mutanen gidan, kuku da direba da baƙo da sauransu, da wani ɗan gilashi mai mariƙi da ke ƙara wa abu girma. Da shi ake duba sawun ƙafa da ƙananan alamun da aka ɓoye a zanen. Komai da Turanci yake, ni kuwa iyakata ajin yaƙi da jahilci, don haka Malam ya bi kowane kati ya rubuta Hausarsa a ƙasa.

Ran Lahadi bayan la'asar muke shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya: ni da shi, da 'ya'yanmu biyu, da 'yar yayansa da aka kawo mana riƙo daga Fagam don ta yi makaranta. Ni ba na cin wasan, saboda tausayin kuku.

"Ke kullum kuku ba shi da laifi!" in ji Malam.

"To Malam, mutum yana gaban wuta tun safe, yaushe ya ga ta sata?"

Yarinyar Fagam ba ta da yawan magana, amma ba wanda ya kai ta son gilashin nan. Ko an tashi wasa sai ta tsaya tana duba tafin hannunta da shi, ko ƙwayar gero, ko tururuwa.

Wata Lahadi aka buɗe kwali, babu gilashi. Aka kakkaɓe tabarma, aka duba ƙarƙashin gado, shiru. Malam ya jera yaran, ya shiga yi musu tambayoyi yadda wasan ya koya masa. Wa ya riƙe shi a ƙarshe? Wa ya shiga ɗaki bayan nan? Kowace amsa kan yarinyar take faɗawa. Ita ko ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

Na ce, "Malam, zo ka ji."

Da muka shiga ɗaki na ce, "Idan ka kira sunanta fa?"

"Ai alamu sun nuna."

"Sun nuna. Gobe yaranmu za su kai maganar makaranta, jibi ta isa Fagam, yayanka ya zo ya ɗauki 'yarsa. Kukun nan idan an kama shi, cikin kwali ake mayar da shi, mako mai zuwa ya fito fes. Ita ina za mu mayar da ita?"

Sai na gaya masa yadda ake yi a gidanmu na Zandam idan abu ya ɓata. Ana ajiye masaki a ɗakin da ba kowa. Kowa ya ɗauki ƙoƙo ya zaga inda ya ga dama, ya ciko shi da ƙasa, ya rufe da faifai, ya shiga shi kaɗai ya juye. Wanda abin ke hannunsa sai ya tura shi cikin ƙasar.

"Wannan ai ba bincike ba ne, rufa-rufa ce," in ji shi.

"Gilashi kake nema ko ɓarawo?"

"Duka biyun."

"Ɗaya za ka samu, Malam."

Ya shafa gemu ya ce a kawo ƙoƙunan. Na miƙa masa nasa.

"Har ni?"

"Har kai. Mu a gidanmu har kakana yana ɗauka."

Yaran suka fashe da dariya ganin babansu tsugune a bayan rumbu yana kwasar ƙasa. Ni da na juye tawa sai na koma madafi na ba ƙofar baya, don kada idona ya ga abin da ba zan iya mantawa ba. Da kowa ya gama na zo da rariya na tankaɗe. Can ga gilashin, ya yi buɗu-buɗu.

Malam ya goge shi da bakin rigarsa. Na ga ya ɗaga kai zai bi fuskokin yaran da kallo, na yi gyaran murya, ya mayar da idonsa kan gilashin.

Daga baya ya sha tambayata, "Tsakaninki da Allah, ba ki san ko wane ne ba?" Ban sani ba. Mai yiwuwa ita ce. Mai yiwuwa ɗaya daga cikin nawa ne, ya ga zargi ya tafi wani wuri ya ja bakinsa. Wannan tunanin ya fi damuna, kuma shi ma ban bi shi ba.

Yarinyar ta yi makonni ba ta taɓa gilashin, ko an ajiye a gabanta. Rannan muna tsakiyar wasa Malam ya ce idonsa ya gaji, ya miƙa mata.

"Karɓi, duba mini sawun nan na bakin taga."

"Ni, Baffa?"

"Ke fa. Wa ya fi ki gani?"

Ta karɓa da hannu biyu. A gidanmu ta zauna har ta gama firamare, kuma ko sau ɗaya maganar ba ta isa Fagam ba.