Tagar da Sirajo ya auna mini a zaune

Ƙarar tef ɗin awo ce, yadda yake cewa ƙwas idan an sake shi ya ruga cikin gidansa. Ina tankaɗe a madafa na ji ta a bayana. Da na waiga sai ga ƙanena Sirajo durƙushe kusa da murhu, fensir a bayan kunne, yana rubuta lamba a tafin hannunsa. Yau shekara bakwai ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, amma har gobe idan magini ya saki tef a unguwarmu nan Tambuwal sai na ɗaga kai, kamar zan gan shi.

Mu 'yan Kebbe ne. Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne auta. Bayan na gama sakandare aure ya kawo ni Tambuwal, shi kuma Allah ya ba shi jami'a, ya shiga karatun zanen gine-gine. Baba bai taɓa gane abin ba. Yakan ce shi dai ya san magina da yawa, bai ga wanda ya yi shekara biyar a makaranta kafin ya ɗora tubali ba. Idan an yi hutu Sirajo yakan sauka wurina ya huta kwana biyu kafin ya hau babur ya kama hanyar gida, to a nan nake shan labarin wurin da suke kira situdiyo.

Wani babban zaure ne, in ji shi, kowane ɗalibi da teburinsa mai gangare. Ɗakin kwana suna da shi, amma na ajiye akwati ne kawai. A situdiyo suke wuni, a nan suke jiƙa gari da ƙuli, butar shayi guda tana zagaya tebura, dardumar salla tana ninke a ƙarƙashin kowane tebur, kuma sau da yawa ita ce katifa. Yatsunsa duk shaidar reza, don da kwali da gam suke haɗa ɗan ƙaramin gidan da suka zana, har da itatuwa da 'yan mutane. Na sha kankare busasshen gam a hannun rigarsa ina mita. Abin da ya fi burge ni shi ne al'adarsu ta taimakon juna. Idan ranar nuna aiki ta matso, wanda ya gama ba ya tafiya, sai ya ja kujera wurin wanda bai gama ba. Ƙanana su yanka wa manya kwali, manya su gyara wa ƙanana layi. Ranar kuwa suna kiranta juri: ka manna zanenka a bango, malamai su jeru a gabanka, ka tsaya ka kare kowane layi da ka ja.

A wurin jurin nan ne aka kunyata shi a shekararsa ta uku. An ce su zana gidan manomi mai iyali. Sirajo ya zage ya zana kicin irin na mujallu, da dogon teburin girki da famfo, ya kafa 'yar mata ta kwali tsaye a gabansa. Wani dattijon malami ya sa yatsa biyu ya ɗago 'yar matar, ya tambaye shi ko a haka mahaifiyarsa take tuƙa tuwon mutum goma. Ina itace zai zauna? Ina turmi? Yaron da ya tashi da ƙamshin hayaƙin kara, ga shi bai sa ko ɗaya a zanen ba. Malamin ya ja jan biro a kan zanen, ya ce ya je gida ya zauna a cikin abin da yake son zanawa.

Shi ya kawo shi madafata da tef.

"Kai kuma mi kaka yi a bayana kamar mai neman ɓera?" na ce da shi.

"Awo nika yi, Adda. Ki yi aikinki, ki ɗauka ba ni nan."

Kwana uku yana nan. Maigida ya dinga tsokanarsa, yana cewa tunda jami'a ta koma koyar da tuwo, a ba shi muciya. Ya auna murhu, ya auna randa, ya auna inda nake jingine taɓarya, duk yana tsaye yana sunkuyo. A rana ta biyu na tura masa kujerar tsugunno da ƙafa, na ce in dai so yake ya ga abin da nake gani, to ya zauna. Ya zauna, gwiwoyinsa har kunne. Ya duba gaba, bango. Ya duba hagu, bango. Tagar da ke ɗakin tana can sama, sai mai tsaye.

Lokacin ɗana Abdullahi yana rarrafe, ga rijiya a tsakar gida da murfin katako. Sirajo ya dinga kallona har na sauke miya, sannan ya nuna mini tafin hannunsa da 'yan layuka. "Adda, so tara kin tashi kin leƙa yaron ga kamin miya ta nuna." Ni ban ma san ina yi ba. Ya sa na zauna, ya ja tef daga ƙasa zuwa idona, ya rubuta. A sabon zanen ya sa taga ƙasa-ƙasa, kamu ɗaya da rabi daga daɓe, tana kallon tsakar gida, da wata kafa can kusa da rufi don hayaƙi. 'Yar matar kwalin kuwa ya lanƙwasa ta ya zaunar. Ya ce da suka koma juri dattijon bai yaba ba, don ba su cika yabo ba, amma ya mayar da jan biron aljihu.

Saura 'yan makonni jurinsa na ƙarshe zazzaɓi ya kama shi. Ya ɗauka gajiya ce irin wadda suka saba, ya ci gaba da aiki. Ko da aka kai shi asibiti, kwana ya ƙare. Ba na ɗora wa kowa laifi, wa'adi ne. Sai dai ina roƙon 'ya'yanmu da ke kan waɗannan tebura yau: idan jiki ya yi magana, a saurare shi.

Bayan sadakar bakwai muka je da maigida kwaso kayansa. Ranar na fara ganin situdiyo da idona. Kwali ko'ina, warin gam, kofunan shayi a bakin taga. Yara suka miƙe tsaye gaba ɗaya da aka ce ga yayar Sirajo. Abokinsa Bashiru ya kai ni teburinsa. Aikinsa na ƙarshe yana kai, unguwa guda ta gidajen manoma da ya haɗa da kwali, rabi da rufi rabi babu. Bashiru ya roƙe ni in bar musu shi. Ya ce a wurinsu ba a barin aikin ɗan'uwa a tebur. Suka ƙarasa shi, kowa da aikin kansa a wuya, suka kai shi gaban juri suka ajiye kujera babu kowa a kai. Daga baya Bashiru ya aiko mini da takarda guda a naɗe. Zanen madafa ne, a ƙasa an rubuta da fensir, da hannun Sirajo: na Adda.

Yanzu an ce mini yawancin zanen a kwamfuta ake yi, mutum ya juya gida ta kowace fuska kafin a haƙa tushe. Na san da yana nan da ya fi kowa ɗoki, don shi mai son sabon abu ne. Amma ina jin da zai tambayi ƙananan, kamar yadda aka tambaye shi, ko sun taɓa zama a ɗakin da suke juyawa. Idan na bi titi na ga sababbin gidajen bulo, kyawawa daga waje, matan gidan kuma sun fito da murhu bakin ƙofa saboda ba a zaunuwa a kicin ɗin, sai in tuna jan biron nan.

Bara damina ta cinye bangon tsohuwar madafata, maigida ya kira magini, Malam Umaru. Na warware takardar na ba shi. Ya juya ta, ya ce kafar hayaƙi ya yarda, amma taga a gindin bango shi bai taɓa yi ba. "Hajiya, wagga taga ce ko ƙofar awaki? Mutane su ce Umaru ya tsufa ya mance awo." Maigida ya ce in yi haƙuri, mai sana'a ya fi mu sani. Ranar tuwona bai yi daɗi ba. Bulo yana hawa, gobe za a wuce wurin. Ga autana yana koyon tafiya, rijiyar tana nan inda take. Kuma duk cikin abin da Sirajo ya zana, wannan kaɗai ke da damar fita daga takarda.

Na nemi izinin maigida na buga wa Bashiru waya. Yanzu yana aiki a Sakkwato, da iyalinsa. Washegari da hantsi sai ga shi ya sauko daga bas. Bai yi musu da kowa ba. Ya gaida Malam Umaru da ladabi, ya yaba layin bulonsa, sannan ya ce in kawo kujerar tsugunno. "Baba, don Allah ka ɗan zauna nan, ka gaya mini ina yaron can yake." Dattijo ya zauna da ƙyar yana salati, ya miƙa wuya, bulo ya tare shi. Ya miƙe ya leƙa, yaro yana dab da rijiya riƙe da guga. Ya koma ya duba takardar. Can ya ce a sauke layi biyu na bulo, amma shi ma da sharaɗinsa: sai an sa ƙarfe da raga, don shi ya san awakin Tambuwal, ɗan jami'a bai san su ba. Bashiru ya yi dariya ya ce juri ya yi gyara, an karɓa.

Sirajo bai gina bene ba, bai karɓi takardar shaidarsa da hannunsa ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari taga ce guda a gidan yayarsa. Ina fata Allah ya sa ta cikin sadakarsa mai gudana, don kullum a cikinta nake, ina tuƙi idona yana kan yarana, kuma na daina hawayen hayaƙi.

Jiya ina gyaran wake 'yata Saratu, mai shekara huɗu, wadda ba ta taɓa ganinsa ba, ta zo ta waje ta manna fuska a ragar. Tagar ta zo mata daidai. Ta tambaye ni wa ya yi ta, na ce Kawunta Sirajo. Ta yi ɗan tunani, ta ce, "Inna, ashe Kawu ya san tsawona tun ba a haife ni ba."