Ƙaurin Babbaka

Maigidana ɗan kwana-kwana ne a Fatakwal, kuma na daɗe ina jin haushin ogansa, wani dattijo Ibo mai furfura har a gira. Duk Babbar Sallah sai ya sa maigidana aiki, daga saukowa idi har a gama soye-soye. Kirsimeti kuwa ya ba shi hutu, sai ka ce roƙonsa muka yi. Na yanke cewa ƙiyayya ce kawai. Ko tsoka ɗaya ban taɓa aika masa ba, alhali har mai okadan layinmu yana samun rabonsa.

Tun wata gobarar tankar mai da suka je kashewa maigidana ya canza. Ya daina bi ta wajen masu tsire a unguwar Mile One, ya daina hira, abinci ya tsakura ya ture. In na tambaya ya ce gajiya ce. Ina kallo mutum yana zame mini, na rasa ta inda zan riƙo shi. Na ji labarin ogan yakan zaunar da su bayan kowace gobara, suna wanke mesa yana jansu da magana har kowa ya faɗi abin da ya gani. Na ce tsoho ya rasa aikin yi.

Da tsohon ya yi ritaya, sabon oga ya ba maigidana hutun Sallah. Har guɗa na yi.

Ranar, bayan an yanka raguna, maƙwabta suka hura wuta a tsakar gidan hayarmu, suka ɗora kawuna da ƙafafu. Ƙauri ya cika ko'ina. Na leƙa ɗaki na sami maigidana tsugune a bayan ƙofa, ya toshe hanci da sabuwar rigarsa.

"Haka suka yi ƙauri, Maman yara," ya ce. "Mutanen da suka ƙone a gobarar tankar nan. Sallar farko bayan abin na gudu ofis, oga ya gan ni ina amai. Cewa kawai ya yi, 'Every Sallah, you dey duty,' wato duk Sallah in zo aiki."

Kuka ya ƙwace mini. Washegari na cika kwano da soyayyen nama na tafi ofishinsu neman gidan tsohon. Suka ce ya koma ƙauyensu, babu wanda ya san hanya.

Na dawo da kwanon a rufe, na tarar da maigidana inda na bar shi. Bai sake sa kakinsa ba. Yana nan tare da mu har yau, amma wanda yake iya sa shi magana ya tafi.