Na Guji Mai, Na Yi Rainon Cikin da Babu Shi

A lokacin da abin ya faru ni tela ce a Haɗejiya, ina ɗinkin kayan mata a cikin gida. Mace ce ni mai jiki, irin wadda in ta zauna a kan keke sai kujera ta yi ƙara. Na daɗe a gidan miji ban taɓa ko ɓatan wata ba. Maigidana bai taɓa yi mini gori ba, Allah ya sani, ni ce dai na hana kaina sakat. Da muka je asibiti, likita ta ce ba ta ga wata babbar matsala ba, amma in rage ƙiba a hankali, zai iya taimakawa. Wannan a hankalin a bakin ƙofarta na bar shi.

A wani zauren mata na waya na ji wata tana cewa mai shi ne ƙiba, wai duk wadda ta yanke shi gaba ɗaya nan da nan za ta zube. Ban tambayi kowa ba na raba tukunya. Ta maigida da man gyaɗa ko manja, tawa kuwa kuka da ruwa da gishiri. Tarwaɗar da yake sayo mana daga bakin kogi na daina ci saboda maiƙonta. Gyaɗa, riɗi, ƙwai, duk na yi musu sallama. Da yake abinci ba mai ba ya wucewa a wuya, tuwon ma sai in ɗan tsakura in ture kwanon. Maigida yana tsokanata wai ko fursuna aka ba wa miyata sai ya nemi ɗaukaka ƙara, ni kuwa daɗi nake ji ina tsuke rigunana da hannuna.

Ana nan sai al'adata ta ɗauke. Wata ya wuce, wani ya biyo shi, shiru. Ga jiri, ga kasala, ga jin sanyi ana zafi. Na kira mahaifiyata a Guri na gaya mata cikin kunya, ban ma rufe baki ba ta fashe da kuka tana hamdala, ta ce laulayi ne. Ta ja mini kunne kada in yi garajen zuwa awo, wai cikin da aka daɗe ana jira ɓoye shi ake yi sai ya yi motsi, saboda bakin mutane. Maigida ya so mu je a duba, na kafe a kan maganarta. Ta zo da kanta da ƙwaryar man shanu ta ce in riƙa zubawa a tuwo. Tana juya baya na mayar da shi kwanon maigida, domin a zatona barin man ne ya kawo cikin, in na koma ci zai zube.

Daga nan hankalina bai sake kwanciya ba. Kullum sai na shafa marata ina jiran motsi, ba komai. Maimakon ciki ya fito, ni ce nake ƙara lotsewa. Mai kitsona ta nuna mini gashin da ya cika matajinta ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata lafiya lau. A zuciyata kuwa tsoro ne fal, ina tunanin ko ɗan ya mutu a ciki ina yawo da shi. Da na kai wa mahaifiyata kuka, ta ce kwantaccen ciki ne, haka aka yi wa wata ƙanwarta, ta aiko mini da jiƙo don ya tashi. Na sha, na ci gaba da jira.

Wata rana ina auna wata mata, na sunkuya zan ɗauki tsawon siket, sai na farka na gan ni a gadon asibiti. Aka yi mini hoton ciki. Ina kallon fuskar likitar, na shirya jin cewa ɗan ya mutu. Sai ta ce babu komai a mahaifar, kuma ba a taɓa samun komai ba. Ta bi abincina da tambaya, ta ce jiki in ya ga an hana shi mai, abincin ma ya yi kaɗan, yakan tsayar da al'ada don ya tsira da ƙarfinsa, kuma wasu sinadaran ganyen da nake ci sai da mai jiki ke iya ɗaukarsu. Ta ce soye-soye da man da ke iyo a kan miya ne ya kamata in rage, amma in riƙa samun cokali ɗaya ko biyu a girkina na yini, da ɗan tafin gyaɗa ko riɗi, kifi kuma in ci shi da maiƙonsa. Maigida na zaune a gefe, hularsa kawai yake juyawa a hannu.

Ni da bakina na gaya wa mahaifiyata a waya. Ashe har ta sayi zanen goyo ta ajiye.

Abin da na koya shi ne rage ƙiba daban, azabtar da jiki daban. 'Yan uwana mata, kada ku yanke mai daga abincinku don wata ta faɗa a waya, ku tambayi masana gwargwadon da ya dace da ku. In al'ada ta ɗauke kuma ku je a duba, ko da uwa ce ta ce a jira. Ni sai da na yi watanni ina cin abinci kamar mutane kafin tawa ta dawo. Har yau ban haihu ba, ina nan ina roƙon Allah. Amma ranar da na ga jinin nan, wanda shekara da shekaru nake kuka in na gan shi, hamdala na yi ta yi.