Makullin ɗakin da Baba Magini ya rufe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shanya wanki maƙwabciyata Maman Rifkatu ta leƙo ta ce, "Amarya, Baba Magini ya rasu." Har yanzu sauran wankin na cikin bokiti.

Shi ne mai gidan da muke haya a Dawaki. Da hannunsa ya gina shi tun zamanin da kuɗin man fetur ya fara shigowa, lokacin yana birkila. Ya sha gaya mana a wancan zamanin kowa sauri yake, a tauye siminti, a ɗora bene kafin na ƙasa ya bushe. Ya ga ginin da ya zube a kan mutane. Bai taɓa ƙarasa mana labarin ba.

Tun daga nan ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk inda bango ya tsage, sai ya manna ɓallin gilashi a kan tsagar, siminti a gefe da gefe. In gilashin ya fashe, to bangon yana motsi. Kafin damina da bayanta sai ya bi ɗaki ɗaki da sandarsa yana dubawa.

Ranar da na tare na ga nawa gilashin, daidai saitin gado. Ni da na gama tsara ɗakina a raina kamar na amaren cikin littafi! Na jawo kantar littattafaina na rufe shi.

In ya zo ya tambaya sai in ce, "Lafiya lau yake, Baba." Ban ko duba ba.

Shi kuwa in ya je Kasuwar Gombe sai ya sayo mini littafi, shi da ba ya karatun boko. Bangon littafin kawai yake kallo. "Wannan na ga kamar za a yi kuka a ciki, Amarya, ga shi."

Watan jiya ya zo, jikinsa duk ya saki. Ya ce yau da idonsa zai gani. Maigidana ya janye kantar.

Gilashin ya rabe biyu.

Na jira faɗa. Sai ya yi dariya ya ce, "A littattafanki ba a samun ginin da ke faɗuwa, ko? To a Gombe ƙasa tana tafiya."

A ranar ya mayar da mu ɗakin ƙofar gida, ya rufe wancan, ya damƙa mini makullin. "Ke kika ɓoye, ke za ki tsare. Kada ki ba kowa sai an tona tushen an gyara."

Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Yana kwance a asibiti ejan ɗin da ke kawo 'yan haya ya zo da bokitin fenti, wai ya samu mai mata da yara uku da zai kama ɗakin. Na nuna masa tsagar ta taga. Ya ce, "Haba Madam, fenti zai rufe." Na ce, "Ni ma na rufe da kanta, bai hana shi fashewa ba." Ya ce zai dawo.

To, ya dawo. Makullin yana cikin jakata. Bayan sadakar uku ni da maigidana da Maman Rifkatu za mu zauna da 'ya'yan Baba mu gaya musu wasiyyarsa. In ejan ya karya ƙofar, ofishin masu duba gine-gine za mu nufa, ko da zai zama sanadin tashinmu daga gidan. Yaro ba zai kwana a ƙarƙashin bangon nan da sanina ba.

Ku 'yan haya, yau ku janye kwabarku ku dubi bayanta.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata kabarinsa, Ya gina masa gida a Aljanna wanda ba ya tsagewa. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini ƙarfin riƙe makullin nan.